Lambobin agogona na Nixie suna yin inuwa, ku taimaka

Assalamu alaikum 'yan uwa masu harkar lantarki. Ina haɗa agogo a nan Zariya da kwalaben Nixie (kwalaben gilashi masu nuna lamba da haske) ƙirar IN-14 guda huɗu, na zamanin Tarayyar Sobiyet. Volt 170 nake ba su, K155ID1 (chip ɗin da ke zaɓar lambar da za ta haska) ɗaya ke kunna su bi da bi ta hanyar Arduino (ƙaramin allon kwamfuta mai sarrafa agogon).

Idan kwalbar farko ta nuna 3, sai in ga 3 ɗin dishi-dishi a ta kusa da ita, bayan lambarta. Da daddare abin a fili yake. Zargina transistocin anod (masu ba kowace kwalba wuta) ba sa kashewa da wuri. In sa ɗan jinkiri ne tsakanin kwalba da kwalba, na mikrosakan nawa? Ko kowacce in ba ta K155ID1 nata? Don Allah wanda ya taɓa haɗawa ya ba ni shawara, ina tsoron lalata su.