Mustang ɗita ta juya da ni a shataletale, ina matsalar take?

Abba_GT:
Salam 'yan uwa. Wata biyu kenan da na sayi Mustang GT 2016, a da Corolla nake ja. Jiya da yamma ruwan farko ya ɗan yayyafa, ina fitowa daga shataletale na ɗan taka totur, wallahi kafin ƙiftawar ido bayan motar ya wulwulo, na cire ƙafa na danna birki sai kawai na gan ni ina kallon inda na fito. Gudun ko 50 bai kai ba. Har yanzu jikina rawa yake. Laifin motar ne ko nawa?

Baban_Hanif:
Allah ya ƙara tsarewa ƙanena. Corolla da gaba take ja, ita wannan tayoyin baya ne ke turo ta, ga injin V8 mai ƙarfin doki 435. Riƙon da taya ke yi wa kwalta yana da iyaka, in kwana ta cinye rabi kai kuma ka ɗora mata totur sai ta saki. Sannan ruwan farko shi ne mugu, ƙura da baƙin man da suka taru duk rani su ke tasowa, titi ya koma kamar miyar kuɓewa. Ka bari sitiyari ya miƙe tukuna sannan ka ba ta wuta, a hankali.

Umma_Direba:
Birkin nan shi ya ƙarasa ka. Ka cire ƙafa farat ɗaya ka taka birki, nauyi ya koma gaba, baya ya zama ba nauyi. In bayan ya zame dama juya sitiyari dama, sassauta totur kaɗan kaɗan, idonka na kan inda kake son zuwa, kuma tana kamawa ka dawo da sitiyarin da wuri in ba haka ba ta fizge ka ɗaya gefen, wannan ya ma fi muni. A fili za ka koya ba a titi ba don Allah.

Malam_Bakanike:
Alhaji duba min abu biyu. AdvanceTrac, wato na'urar da ke taimakawa wajen hana motar zamewa, a kunne take? Sannan lambobi huɗun ƙarshe na rubutun da ya fara da DOT a gefen taya, su ke nuna lokacin da aka ƙera ta, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara.

Abba_GT:
Malam na duba, 2317 ne a na baya. Ita kuma AdvanceTrac ni na kashe, wani aboki ya ce tana rage wa mota ƙarfi.

Malam_Bakanike:
Tayar 2017 kenan, robar ta bushe ko da zanenta na nan. Canja na bayan duka biyu kafin ka sake hawa, kuma makunnin nan ka daina taɓa shi.