Katarata ta hana ni zaman tahiya, ga suga ya ƙi sauka

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. A yi haƙuri da tsawon bayanin, abin ne ya ishe ni.

Shekaruna 56, malamar firamare ce ni a nan Kano. Tun 2015 aka ce ina da suga. Ina shan maganin suga, metformin, safe da dare, kuma a da awon safe kafin in karya ba ya wuce 130 zuwa 140. To yau wata bakwai ke nan katarata ta hagu ta sako ni gaba. Daga matsematsi ciwon yake tasowa, ya gangaro gaban cinya har gwiwa. In na tashi da asuba sai in ji wurin ya ƙage, sai na ɗan zaga tsakar gida yake saki. Tsuguno a banɗaki ya zama yaƙi. Zaman tahiya sai dai in miƙe ƙafa, adaidaita kuwa sai an kama ni nake hawa.

Wata maƙwabciyata ce ta kai ni wani kemis, yaron ya haɗa min ƙwayoyi kala huɗu a 'yar leda, ba kwali ba suna. Ranar da na fara sha har shara na yi da kaina. Wata uku ke nan kullum sai na sha. Sai dai tun daga nan sugana ya haukace: 240, 260, jiya da safe 305, alhali ban canza cimata ba. Fitsarin dare sau biyar, ga ƙishirwa. Fuskata ta ciko, har a makaranta ana ce min na yi kyau. Ranar da na tsallake maganin kuma jikina sai ya mutu gaba ɗaya, ciwon ya dawo sabo.

Yayata ta ce in kira wanzami ya yi min ƙaho a wurin. Maigida ya ce mu je wajen mai ɗori. Wata kuma ta ce akwai allurar da ake yi a cikin gaɓar, ciwo ya ɗauke na watanni. Don Allah wanda ya san abin nan ya ba ni shawara, ta ina zan fara?

Wata 'yar'uwa daga Gusau:

Wa alaikumus salam. Allah ya ba ki lafiya Malama, ya sa kaffara ne.

Wani dattijo daga Haɗeja:

Sanyin ƙashi ne wannan, ba wani abu ba. Ki yi ƙahon, mataccen jini ne ya taru. Ki riƙa gasa wurin da ruwan zafi, ki shafa man zaitun da habbatus sauda. Ni da haka nake lallaɓa gwiwata shekara da shekaru.

Mai harhaɗa magunguna a wani asibiti, Zariya:

Hajiya, sannu da jiki. Katarar za ta iya jira na kwana biyu, ledar nan ce ba za ta jira ba.

Ban ga ƙwayoyin ba, amma alamomin da kika lissafa sun yi kama da na wanda yake shan dexamethasone ko prednisolone. Irin haɗin nan yawanci ana sa ɗaya daga cikinsu, a ƙara da maganin ciwon jiki irin su diclofenac ko piroxicam ko ibuprofen, wani lokacin biyu a tare, sai parasitamol da ɗan bitamin don leda ta yi kwarjini. Dexamethasone ɗin nan shi ne dai wanda 'yan mata suke sha don ƙiba. Yana kwantar da ciwo nan take, shi ya sa mutane suke yabon mai kemis. Amma yana sa hanta ta riƙa zuba suga cikin jini, ya kuma sa jiki ya daina jin insulin, sinadarin da ke sauke suga. Ga 305 ɗinki nan. Cikar fuskar da ake yaba miki ma aikinsa ce, ba lafiya ba ce.

Ga inda nake so ki saurare ni da kyau: kada ki ce tunda na faɗi haka yau za ki jefar da ledar. Jiki yana da irin nasa sinadarin da wasu 'yan halittu da ke saman ƙoda suke samarwa. In aka daɗe ana ba shi na waje, sai su kwanta su daina aiki. Wanda ya yi wata uku yana sha ya yanke rana ɗaya zai iya galabaita, jini ya faɗi, amai ya zo, har a kwantar da shi. Mutuwar jikin da kike ji ranar da kika tsallake, somin-taɓi ne. Likita ne zai riƙa rage miki a hankali. Gobe ki ɗauki ledar yadda take ki kai wa likitan da yake duba sugarki, ko kuma ki sa mai kemis ya nuna miki kwalayen da ya ɓallo su ki rubuta sunayen. Ki roƙi a yi miki awon ƙoda, na jini da na fitsari, da awon HbA1c, wanda yake nuna yadda suga ya kasance a wata biyu zuwa uku da suka wuce. In kafin goben kika ga amai, ko jiri, ko barci yana rinjayarki, kada a jira gari ya waye.

Kafin nan parasitamol ya fi miki aminci. Biyu na 500 a lokaci guda, kada ya wuce takwas a yini da dare, ki kuma tuna wataƙila akwai shi a cikin haɗin.

Wani ɗan'uwa daga Katsina:

Mama, don Allah ki ji maganar nan. Mahaifinmu haka ya yi, suga da hawan jini, ga ciwon ƙugu. Shekara biyu yana shan diclofenac kamar gyaɗa, mu kuma muna murna yana zuwa kasuwa. Ba abin da ya ji sai da ƙafafu suka kumbura. Da aka auna aka ce ƙoda ta riga ta taɓu, har metformin ɗin ma aka ɗauke masa saboda ƙodar ba za ta iya fitar da shi ba. Likitan ya ce mana dama suga yana cin ƙoda a ɓoye, irin waɗannan ƙwayoyin kuma suna rage jinin da ke zuwa mata. Yanzu sau biyu a sati muke kai shi wankin ƙoda. Ba zan faɗi abin da muka sayar ba.

Dattijon Haɗeja:

To ai shi ya sa na ce ta koma na gargajiya. Ƙaho sunna ne, wa ya taɓa jin ya lalata ƙoda?

Ma'aikaciyar jinya, Kano:

Baba, ba wanda ya ce ƙaho haramun ne, Allah ya ƙara girma. Amma tsaga fatar wadda suganta yake 300, wannan neman magana ne. Ni nake wanke gyambon masu suga a ɗakinmu, na san ɗan ƙaramin abin da yake zama babba: tsagar aska, ƙaya, yankan farce. Jini mai suga abincin ƙwayoyin cuta ne, rauni kuma ba ya saurin haɗewa. Ruwan zafin ma da hattara. Wanda ya daɗe da suga fatarsa takan rage ji, ya ƙone bai sani ba. In za ta gasa, wani ya taɓa ruwan da gwiwar hannunsa tukuna, ɗumi kawai ake so. Mai ɗori kuma karaya yake gyarawa. Malama ba ta ce ta faɗi ba, me zai ɗora? Ja da murɗa kawai za ta sha.

Likitan gashin ƙashi, Kaduna:

Malama, na lura kowa yana ba da magani, har yanzu ba a san sunan ciwon ba. Mu Hausawa komai daga ƙugu zuwa cinya "kwankwaso" ne ko "sanyi", alhali abubuwa ne daban-daban. Ciwon da yake cikin gaɓar katara kansa a matsematsi ake jin sa, ya sauko gaban cinya, wani lokacin har mutum ya rantse gwiwarsa ce ke ciwo. Wanda ya taso daga gadon baya kuwa ta ɗuwawu yake bi, ya gangara bayan cinya har ƙasan gwiwa, da tsira kamar allura. Wanda yake gefen katara, ya hana mutum kwanciya a kan wannan ɓarin, yawanci jijiyoyin naman wurin ne. Naki, yadda kika siffanta ƙagewar asuba mai saki in an motsa da wahalar tsuguno, ya fi kama da guringuntsin gaɓar ne ya cinye. Amma daga nesa nake magana. Sai an kwantar da ke an juya ƙafar, an ɗauki hoton ƙashin ƙugu.

Dalilin da ya sa na nace a kan hoto: akwai wata cutar da jini yake daina isa kan ƙashin cinya, ƙashin ya mutu ya lotsa. Masu sikila sun san ta sosai. Daɗewa kan irin su dexamethasone ma yana jawo ta. Ciwonki ya riga ledar zuwa, don haka ba ita ta fara shi ba, amma ki gaya wa likitan ƙashi tsawon lokacin da kika sha. A farkonta hoton da aka saba ɗauka yakan fito lafiya lau, sai wani hoto na musamman da ake kira MRI ke kama ta. Kina Kano, ga Asibitin Ƙashi na Dala a kusa da ke, ga na Malam Aminu Kano.

Allurar cikin gaɓa da aka ba ki labari gaskiya ce, ana yi. Sai dai 'yar gidan su dexamethasone ce, takan ɗaga suga na kwanaki, wani har fiye da sati, kuma sauƙin na ɗan lokaci ne. Ba yanzu ba, kuma ba a ɗakin bayan kemis ba, don gaɓar katara tana da zurfi, da na'urar hoto ake nemo ta.

Abin da za ki fara yau ba kuɗi: sanda. Ki riƙe ta a hannun dama tunda hagu ke ciwo, mutane da yawa a ɓarin ciwon suke riƙewa, kuskure ne. A sama miki kujerar banɗaki, ko kafinta ya huda miki ta katako. Ki bar zama a tabarma da 'yar kujerar tsakar gida. Kuma kada ki kwanta ki ce hutu, gaɓar da ba a motsa ta ƙara ƙagewa take yi. Tafiyar minti goma sau biyu ko uku a fili mai laushi, da takalmi rufaffe, ta fi doguwa sau ɗaya. In zazzaɓi ya shigo tare da ciwon, ko kika kasa taka ƙafar sam, wannan na gaggawa ne.

Wani direba mai ritaya, Maraɗi:

Hajiya, ni nawa daban ya zo, na faɗa ko zai amfani wani. Zugi ne kamar wuta a katara da cinya ɗaya, da dare ya fi tsanani, na rame, cinyar ta tsotse, tashi daga kujera sai da hannu. Hoto biyu aka ɗauka, ƙashi ƙalau. Ashe sugan ne ya taɓa jijiyoyin da ke zuwa cinya. Maganin ciwon jiki bai yi min komai ba sai da aka ba ni na jijiya, aka mayar da ni kan insulin, aka haɗa ni da masu gashi. Na fi shekara kafin ƙafar ta dawo, har yanzu ma ba kamar da ba. In hotonki ya fito ba komai, kada ki yarda a ce miki iska ce.

Wata Hajiya daga Bauci:

Ƙanwata, ni an canza min katarar dama da ta ƙarfe, ina da suga kamar ke. Ba ina cewa za ki kai can ba, da yawa ba sa kaiwa. Abin da nake so ki sani, ko da kuɗinki a hannu ba za su taɓa ki ba sai suga ya kwanta. Ni HbA1c ɗina 10 ya nuna, likita ya ce in je in dawo da shi ƙasa da 8, saboda tsoron kada ƙwayar cuta ta kama ƙarfen. Wata biyar na yi ina fama. Na rage malmalar tuwo zuwa rabi, na cika kwanon da miyar ganye da wake da zogale, na rabu da lemon kwalba da kunu mai suga. Kilo shida na sauke, tun kafin aikin ma ciwon ya ragu. Maganar salla kuma kada ta dame ki. Ai da Imrana bin Husaini ya kai kukan rashin lafiyarsa, Manzon Allah (SAW) cewa ya yi ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe. Ni kunya ce ta hana ni hawa kujera a masallacin Idi, na dawo gida na kwana uku ban taka ba.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Ɗana ya koma kemis ɗin da ledar. Da farko yaron ya ƙi, wai sirrin sana'a ne, sai da maigidan shagon ya zo. Ɗan ƙaramin farin dexamethasone ne kamar yadda Malam na Zariya ya ce, sai diclofenac, da piroxicam, da parasitamol. Na kai wa likitata jiya. Ta yi faɗa, na sha. Ta ɗauke diclofenac da piroxicam nan take, ta rubuta min yadda zan riƙa rage farin sati-sati, ta kuma ɗora ni kan insulin na dare zuwa lokacin da zan rabu da shi. HbA1c 10.4. Awon ƙoda sai Litinin zai fito, a taya ni addu'a. Ta ba ni takardar zuwa Dala.

Baba na Haɗeja, man zaitun ɗin ina shafawa, ƙahon ne dai na ce wa Yaya a dakata. Likita na Kaduna, sandar marigayi surukina na ɗauko, amma ta yi min tsawo, kafaɗata har ciwo take. Yaya ake gane daidai?

Likitan gashin ƙashi, Kaduna:

Ki sa takalmin da kike fita da shi, ki tsaya ki saki hannuwa. Inda wuyan hannunki ya tsaya, nan mariƙin sandar zai kai. A yanke ragowar daga ƙasa, a sa mata roba a gindi saboda santsin tayil. Ranar zuwa Dala ki tafi da sakamakon ƙodar da sunayen ƙwayoyin nan huɗu a rubuce.