Wace kalma za mu ba "buying power" da Hausa?

Jama'a a taimaka min. Jiya ina fassara labarin baƙaƙen fatar Amurka da suka ƙaurace wa shagunan Target a 2025, bayan kamfanin ya ja da baya kan shirinsa na ba tsiraru dama, sai na ci karo da buying power na tsaya cak. Hujjarsu ita ce baƙar fata suna kashe sama da dala tiriliyan 1 a shekara, in suka haɗa kai suka daina saye wajen wanda ya raina su dole ya saurare su.

Wani abokin aikina ya ce kawai in sa "ƙarfin arziki". Wallahi ban yarda ba, don ai a kan wannan ɗin ma su kansu suke ta cacar baki a can. Binciken babban bankin Amurka na 2022 ya nuna dukiyar matsakaicin gidan farar fata ta kai kusan dala 285,000, ta baƙar fata kuwa wajen 44,900. To ina arzikin? Mutumin da albashinsa yake shigowa ranar 28 ga wata, kafin ranar 10 ya tafi wajen mai gidan haya da mai shago da kuɗin mota, kuɗi sun bi ta hannunsa da yawa kam, amma fili ko ɗaya bai mallaka ba.

"Ikon saye" kuma bai zauna min a baki ba, iko na sarki ne da hukuma.

Ni abin da ya kwanta min shi ne "ƙarfin cefane". Cefane kuɗi ne da ake fita da su da safe, zuwa dare sun ƙare a tukunya, ba jari ba ne, amma fa suna da ƙarfi. A unguwarmu na taɓa gani, wani mai awo ya lotsa gindin kwanonsa, matan layin suka yi shiru kawai suka koma aiken yara can bakin kasuwa, bai yi sati biyu ba ya canza kwano. Irin wannan aka yi a birnin Montgomery na Amurka daga 1955, kwana 381 baƙaƙen fata suna takawa a ƙasa sun ƙi hawa bas har aka soke wariyar kujeru.

Wata ta ce min cefane ya yi ƙanƙanta, ba ya ɗaukar kuɗin mota da waya da haya. Da gaskiyarta, amma gara ya yi ƙanƙanta da ya ruɗi mai karatu ya zaci ana maganar dukiya. Ɗaya ɓangaren, wato al'umma ta mallaki shagunanta kamar unguwar Greenwood ta baƙaƙen fata a birnin Tulsa na Amurka kafin a ƙona ta a 1921, wannan muna da kalmarsa tuni, dogaro da kai.

Na dai sa ƙarfin cefane a fassarar. Saura Buy Black, wato kiran a riƙa saye wajen 'yan kasuwa baƙar fata, na rubuta "sayi na gida" na goge har sau biyu, mai wata shawara ya kawo kafin in miƙa aikin gobe.