Neman shawara: sauraron labaran yaƙi da na aljanu yana neman haɗa ni da mutanen gidana

Mai tambaya:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena da ƙannena na wannan zaure. Na daɗe ina bin abin da ake tattaunawa a nan ban taɓa cewa uffan ba, sai yau da abin ya kai mini iya wuya, don haka ina roƙon a yi haƙuri da tsawon bayanina.

Tun ina aji huɗu na firamare na fara karanta littattafan yaƙi. Yayana yana da wani tsohon akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadonsa a ɗakin soro, cike da ƙananan littattafai waɗanda aka zana jarumi da takobi da maciji mai kawuna a bangonsu, wasu ya saya, wasu kuma ya karɓo haya a wurin wani mai tebur a bakin kasuwa. Da zarar ya tafi makarantar dare sai in zaro ɗaya in ɓoye a cikin hijabina, in laɓe a bayan randa da fitilar ƙwai, in mayar kafin ya dawo. Ranar da ya kama ni bai doke ni ba. Cewa ya yi in ba shi labarin daga farko har inda na tsaya, da na ba shi ban tsallake sunan sarki ko ɗaya ba sai ya miƙa mini makullin akwatin. Shekara shida ke nan da rasuwarsa, Allah ya jiƙansa, kuma akwatin yana ɗakina har yau, duk da gara ta ci rabin abin da ke ciki.

Yanzu ɗinki nake yi a gida, kuma bayan na yini a kan keke idanuna ba sa iya ɗaukar ƙananan rubutu, hawaye suke yi. Shekara biyu da suka wuce na gano cewa akwai masu karanta irin waɗannan littattafai a YouTube kashi-kashi, sai na koma saurare. To, maigidana ya yi magana, yarona ya fara firgita cikin dare, kuma makon jiya na yanka shaddar wata mata ba daidai ba, sai da na biya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne labarin ma ba ya zama a kaina kamar da, ina kai kashi na talatin na manta waye wazirin waye. Shin in daina ne gaba ɗaya, ko akwai yadda ake yi?

Malamin Hausa mai ritaya:
Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya jiƙan yayanki, domin ya yi miki tarbiyyar karatu irin wadda ta yi ƙaranci yanzu. Amsar tambayarki tana cikin bayaninki, ke ce ba ki lura ba. Lokacin da kike bayan randa ba abin da ke gabanki sai littafi, shi ya sa kika riƙe sunayen sarakuna, yanzu kuwa kin raba hankalinki uku, kashi ga almakashi, kashi ga yaro, kashi ga waya. Na koyar shekara talatin da biyar, kuma ina faɗa ba tare da shakka ba cewa saurare ba karatu ba ne. Mai karatu shi ke riƙe da linzami, ya tsaya inda ya so, ya koma baya shafi biyu, ya sake duban suna. Mai saurare kuwa an ɗora shi ne a kan dokin wani.

Shawarata ita ce ki je asibiti a auna miki tabarau, sannan ki koma takarda, kuma ki fara daga tushe. Labaran al'ajabi a rubutun boko na Hausa sun samo ƙafa ne daga gasar da Hukumar Fassara ta shirya a Zariya a 1933, wadda ta fitar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara. Waɗannan gajeru ne, kina iya gama kowanne a kwana uku, kuma Hausarsu za ta wanke miki kunne. Na zamani masu kashi ɗari da wani abu yawancinsu maimaici ne, a kashe dodo yau, gobe a taso da ƙanensa.

Maman Biyu:
'Yar uwa, ni maganar maigidan ce ta tsaya mini. Ba ki gaya mana abin da ya ce ba. Nawa ma haka ya riƙa yi mini, wai wayata ta zama kishiyarsa, alhali shi yana gidan kallon ƙwallo har sha ɗayan dare ban taɓa ɗaga masa murya ba. Mace ta yini tsakanin murhu da wanki, ɗan abin da zai ɗebe mata kewa shi ne ya zama abin magana. Ni dai ban daina ba, sai dai in na ji ƙarar babur ɗinsa a ƙofar gida in kashe. Ki yi haka ki zauna lafiya.

Ɗalibin ilimi:
Ina ganin an tsallake abin da ya fi muhimmanci, wato firgitar yaron da kuma abin da ke cikin labaran. Malaman tafsiri da yawa, a ƙarƙashin aya ta 6 ta Suratu Luƙman, sun ambaci Nadru ɗan Harisu, wanda yake tara mutane a Makka yana ba su labaran Rustum da Isfandiyar na ƙasar Farisa domin ya ɗauke hankalinsu daga sauraron Alƙur'ani. Ban ce duk ƙagaggen labari haka yake ba, amma ma'aunin a fili yake, wato me labarin ya ture daga rayuwarki. Idan ya ture azkar na safiya da maraice, ko ya sa kina jinkirta salla don a ƙarasa yaƙi, to ki tsaya ki yi wa kanki hisabi. Sannan wasu daga cikin littattafan nan suna ɗaukaka boka har ya zama shi ne mai ceton jarumi. Yaron kuma a riƙa karanta masa Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi kafin ya kwanta.

Mai tambaya:
Na gode muku duka. Baba Malam, na je an duba idon, tabarau ɗin ma ina da shi, amma ba zan iya riƙe littafi ina taka keke ba, kuma in na ajiye ɗinki don karatu ba mai biya mini kuɗin makarantar yara. Malam ɗalibi, wallahi salla ba ta taɓa wuce ni saboda labari ba, kuma kowane dare ina yi wa yarona addu'a. Ni ma da waɗannan labaran na tashi, ban taɓa zuwa wurin boka ba. Abin da maigidana ya ce kuwa ba wani abu ba ne, cewa ya yi yana yin sallama sau uku ba na amsawa.

Ɗan uwanku makaho daga Zariya:
Baba Malam, da girmanka da komai, maganarka ta cewa saurare ba karatu ba ne ta sosa mini rai. Na rasa ganina ina da shekara goma sha huɗu, kuma duk littafin da na sani bayan nan da kunne na san shi, ko dai ƙanwata ta karanta mini, ko rediyo, ko yanzu da waya take karanta mini abin da ke kan fuskarta ta hanyar TalkBack. In aka bi maganarka, ni ban karanta komai ba ke nan tsawon shekara ashirin. Kuma ka tuna da Magana Jari Ce na shi Abubakar Imam ɗin da ka ambata, wanda littafinsa na farko ya fito a 1937. Aku bai miƙa wa Musa ɗan sarki takarda ba, da baki ya riƙa ba shi labari dare bayan dare har ya hana shi fita. Kafin nan ma iyayenmu mata da "ga ta nan, ga ta nanku" suka raine mu, muka riƙe Gizo da Ƙoƙi ba tare da mun ga harafi ba.

Yaya mai tambaya, linzamin yana hannunki in kin so. A YouTube akwai wurin rage saurin murya, ki mayar da shi 0.75 idan mai karatun yana gudu. In an ambaci sabon sarki ko sabuwar ƙasa, ki tsayar, ki maimaita sunan da bakinki sau biyu. Idan kashi ya ƙare kada ki zarce, ki ba wa kanki labarinsa a taƙaice, kamar yadda yayanki ya sa ki yi a ranar da ya kama ki. Wannan ne ya kafa miki labari a ka tun farko, ba takardar ba. Kuma ki ware aikin da ke son ido da lissafi, kamar awo da yanka, ki yi shi shiru, ki bar saurare ga lokacin kalmasa da guga.

Malamin Hausa mai ritaya:
Ɗana, ka yi haƙuri, ban nufe ka ba, lalura daban take. Amma misalinka ya ƙara ƙarfafa maganata ne. Musa zaune yake gaban aku ba ya aikin komai, kuma tatsuniya da dare ake yin ta bayan an gama aikin gida, har ma ana hana yara yin ta da rana. Kakanninmu sun san labari yana son mutum gaba ɗayansa. Wanda yake yankan shadda yana sauraron yaƙi, ko dai ya ɓata shadda ko ya ɓata yaƙin, ita kuwa 'yar tamu ta ɓata duka biyun.

Marubuciya daga Katsina:
Tunda an zo nan, bari in faɗi abin da ke cina. Yawancin abin da kuke saurare ba da izinin marubutan aka karanta shi ba. Na shafe shekara biyu ina gina wata daula a kan takarda, da taswirarta da jerin sarakunanta, na buga da kuɗin adashena, ban mayar da ko rabi ba. Wata rana ƙawata ta turo mini muryar wani yana karanta shi, ya canza sunan littafin, ya cire nawa, yana ma kuskuren kiran sunan jarumar. Da na yi masa magana sai ya ce talla yake yi mini. Ke mai tambaya, ba mamaki mantuwar da kike yi laifin mai karatun ne, domin wasunsu suna tsallake shafuka don su kai wurin faɗa da wuri. Ki nemi tashar da marubucin ya amince da ita, ko wadda shi da kansa yake karantawa.

Ma'aikaciyar jinya:
Anti, shekarun yaron nawa, kuma ta yaya yake jin labarin in abin sauraro na kunne kike sawa? Sannan wadda ba ta jin sallama sau uku ta ƙure murya ƙwarai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfin muryar waya, kuma ji in ya lalace ta wannan hanya ba ya dawowa. Ga ƙarar keke kuma a kai, wadda ita ce ke sa ki ƙara murya ba ki sani ba.

Mai tambaya:
Shekararsa bakwai. Abin kunnen ya lalace tun kafin azumi, sai nake sakin muryar a fili in ɗora wayar a kan keke, shi kuma yana zaune a kan tabarma yana aikin makaranta. Ban ɗauka yana bi ba, sai ranar da ya tambaye ni ko aljanin da ke cikin rijiyar nan ta labarin zai iya biyowa ta rijiyar gidanmu. Amma ni a ganina ba labarin kaɗai ba ne, domin akwai yaran maƙwabta da ke tsorata shi da maganar mayu. Rashin amsa sallamar kuwa tun lokacin abin kunne ne, ya wuce, shi ne dai bai bar maganar ba. Anti marubuciya, ki yafe mini, ban san haka abin yake ba, sai dai wanda nake saurare muryarsa tana kama da ta yayana, shi ya sa na kasa komawa wurin wani.

Malamin Hausa mai ritaya:
To ga shi kin faɗa da bakinki. Ki kashe wayar, ki buɗe akwatin nan, ki zaɓi abin da gara ta rage wanda ba shi da ban tsoro, ki karanta wa yaron shafi biyu bayan isha da muryarki. Ke kin karanta, shi ya saurara, maigida kuma in ya yi sallama an amsa masa.

Maman Biyu:
Baba, bayan isha ai ta gaji, kuma ta ce idonta hawaye yake yi. Ni dai na ce ta sayi sabon abin kunne ta sa a kunne ɗaya, magana ta ƙare.

Ɗalibin ilimi:
Har yanzu ba a gaya mana sunan littafin ba, balle mu san abin da ke cikinsa.

Mai tambaya:
Na ji duk abin da aka faɗa, Allah ya saka da alheri. Zan gwada raba lokacin yanka da na saurare kamar yadda ɗan uwanmu na Zariya ya ce, kuma zan duba kuɗin abin kunne idan an biya ni ɗinkin bikin da ke hannuna. Akwatin kuwa ban iya buɗe shi ba tun bayan sadakar arba'in, ban sani ba ko zan iya yanzu. Wanda nake saurare saura kashi goma sha tara ya ƙare, kuma ba na jin zan iya barinsa a tsakiya, domin an kama jarumar an kai ta kurkukun ƙarƙashin teku. In akwai wanda ya san yadda ake sa waya ta kashe kanta idan barci ya ɗauke mutum, don Allah ya koya mini, saboda jiya na farka ƙarfe uku na tarar ta wuce kashi huɗu tana ta magana ita kaɗai, yaron kuma idonsa biyu.