Daga Tiga zuwa Diffa: yaya ruwan nan yake iso muku?

Manomin Kura: Salamu alaikum 'yan uwa. Jiya a Kwanar Gafan muka yi musu da wani direba ɗan Gashuwa, wai mu Kanawa mun tare musu kogi. Maganar ta tsaya min a rai. Ni na tashi na tarar da kanal a bayan gonarmu. Tun da aka gama dam ɗin Tiga a 1974 gidanmu ke noma sau biyu, shinkafa da damina, alkama ko tumatir da rani. Ban taɓa tambayar inda ruwan ke zuwa in ya wuce mu ba. Mutanen da ke can ƙasan kogi, ku ba mu labari.

Dattijon Guri: Wa alaikumus salam yaro. Direban bai yi ƙarya ba, amma bai gama maganar ba. Da can kogin Haɗeja yana da lokaci. Ya cika a ƙarshen damina ya malale fadamu, mu yanki shinkafa, in ya ja mu bi laimar da wake. Da rani ya ƙafe ƙaf, har yara su yi wasa a yashinsa. Da Tiga ta zo, dam ɗin Challawa ya biyo a 1992, sai ya daina cika sosai, ya kuma daina ƙafewa. Wannan ɗan ruwan da ke kwance rani da damina shi ya raini ciyawar kachala. Gonar da na gada yau kachala ce ta fi ni tsawo. Mun yi gayya da lauje, ruwa iya ƙirji, bayan wata biyu ta dawo kamar an zuba mata taki. A cikinta tsuntsun jan baki ke kwana, shi ma ga nasa rabon a gero.

Masunci daga Nguru: Baba ya faɗi gaskiya. Mu kuma ruwan ne ya yi mana yawa. Da kachala ta toshe tsohuwar hanya sai ya karkato ta reshen kogin da ake kira Marma ya kwanta mana a gonaki. Kwalekwale ma sai ka sare masa hanya.

Uwar gida, Bunkure: Don Allah kada a haɗa mu duka a kwando ɗaya. Gonarmu a wutsiyar kanal take. Kafin ruwa ya iso na gaba sun sha sun ƙoshi, maigidana da tsakar dare yake zuwa ban-ruwa, wani lokacin ma da injin haya.

Mai tattasai, Diffa: Gaisuwa daga Nijar. Nan sunansa Komadugu, shi ne iyakarmu da ku kafin ya faɗa tafkin Chadi. Da shi muke noman tattasan da kuke gani a kasuwanninku. A 2019 ya cinye min gona da injina biyu, ba wanda ya yi mana ko kashedi. Mu dai sai mu wayi gari mu ga abin da kuka aiko.

Ɗan Gashuwa: Malam, yawancin abin da ke wuce mu ya iso muku na kogin Jama'are ne, don shi ba a datse shi ba tukuna. Shi ya sa in aka tayar da zancen gina dam ɗin Kafin Zaki a kansa gabanmu ke faɗuwa.

Manomin Kura: Allah Sarki. Baba na Guri, yanzu a ina kuke noma?

Dattijon Guri: Aro nake a tudu, wajen surukina.