Muhawara: Ko neman tallafin marayu ya halatta a sauya waƙar Shata?

Malam, daga Samaru:
Assalamu alaikum. A taron tara kuɗin marayu da aka yi a Sabon Garin Zariya ranar Asabar, wani matashi ya rera waƙar marigayi Mamman Shata da fiyano, ba kalangu, ba 'yan amshi, ya kuma cire sunan wanda aka yi wa waƙar ya sa na alhajin da ya fi kowa ba da gudummawa. Ni ban ga aibu a nan ba. Da idona na ga faranti ya cika da liƙi har aka kawo na biyu. Ko a bikin Live Aid na 1985, da aka shirya saboda yunwar Habasha, David Bowie da Mick Jagger tsohuwar waƙar Amurka ta 1964 suka sabunta, kuma duniya ta yaba.

Hajiya, daga Tudun Wada:
Malam, ina wurin, kuma raina ya ɓaci. Ban ƙi a maimaita waƙa ba, domin ko mu mata muna rera na Barmani Choge a gidan biki. Abin da ya dame ni shi ne cire sunan. Waƙar yabo tarihin mutum ce: Shata ya ambaci mahaifin wanda ya yi wa waƙar, da garinsa, da alherin da ya yi, kuma jikokinsa suna nan da ransu suna alfahari da ita. A ɗauke wannan riga a yafa wa wani saboda ya fi zuba kuɗi a faranti, wannan ba ƙaramin rashin kunya ba ne. Wata tsohuwa da ke kusa da ni tana bin waƙar a hankali, da aka zo kan sunan sai ta yi shiru, ta gyara mayafinta, ba ta ƙara buɗe baki ba.

Ɗalibin shari'a, daga Kongo:
Iyayena, ku ba ni dama. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 tana kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, Shata kuwa ya rasu a 1999, saboda haka magadansa suna da haƙƙi har 2069. Dokar ta kuma tanadi a ambaci sunan mai aiki, kada a jirkita masa shi ta hanyar da za ta zubar da darajarsa.

Malam:
Na ji, ɗana. Amma marayun nan sun samu kuɗin makaranta, kuma ba na jin Shata, wanda aka san shi da kyauta, zai hana su.

Baba, daga Ƙofar Doka:
Malam, kyautar mutum shi ke yin ta da hannunsa. Gadon kiɗa ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa, ɗan makaɗi yakan ɗauki waƙar ubansa, sai dai yakan fara da cewa ta wane ce, ya yi masa addu'a. Mutumin da Jami'ar Ahmadu Bello ta nan Zariya ta ba digirin girmamawa a 1988 bai cancanci a rera waƙarsa ba tare da ko Allah ya jiƙansa ba. Idan za a sake taron bayan Sallah, a tuntuɓi iyalansa tukuna, a bar waƙar da sunayenta, alhajin kuma a tsara masa tasa. Kuɗin makaɗan kalangu ni zan biya.