Sunan Wi-Fi da Larabci: waya na gani, firinta ta ƙi

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. A wata Islamiyya da ke Ƙofar Marusa an sa wa rawuta, wato na'urar da ke watsa Wi-Fi, suna مكتبة المدرسة. Wayoyin Android da iPhone suna ganinsa lafiya lau. Tsohuwar kwamfuta mai Windows 7 kuwa wasu baƙaƙe take nunawa marasa kan gado, firinta sai alamar tambaya. An so ƙara sunan unguwa, rawutar ta ƙi karɓa. Ina mafita?

Amsa ta ɗaya: Wa alaikumus salam Malam. Ƙin karɓar da rawutar ta yi, batun lissafi ne. Ƙa'idar Wi-Fi ta ware wa suna bayit 32, kuma da bayit ake ƙirgawa, wato ma'aunin gurbin da rubutu ke ci a na'ura. Harafin boko bayit ɗaya yake ci, na Larabci biyu a tsarin UTF-8, wato tsarin da na'urorin zamani ke adana haruffa da shi. Sunanku harafi 12 ne da tazara ɗaya, ya ci 25, saura 7: tazara da harafi uku kacal. Fataha ko kisira ma kowace biyu ce, don haka kada a sa wasali. Haka ƙ, ɗ, ɓ namu na Hausa, biyu-biyu ne, emoji kuwa yawanci huɗu.

Amsa ta biyu: Rawuta bayit kawai take watsawa, kowace na'ura ta fassara yadda ta iya. Sai a 2012 aka ƙara wata alama da ke cewa sunan UTF-8 ne, tsofaffin na'urori ba su san da ita ba. Kwamfutar na karantawa ne da tsohon tsarin baƙaƙenta, yawanci in an danna sunan a haka za ta haɗu. Firinta ce mai taurin kai, ba ta da baƙaƙen Larabci a cikinta.

Malam, ku yi suna biyu. Babban layin a sa masa boko zalla, a kan zangon watsawa na 2.4GHz domin firintoci da yawa ba sa kama 5GHz, firinta da kwamfutoci su hau nan. Sai a kunna layin baƙi, wato layi na biyu da rawuta ke ware wa masu ziyara, a sa masa Larabcin don wayoyi. Kada a juya: layin baƙi yakan hana na'urori ganin juna, firinta ta haɗu amma takarda ba ta fita.

Amsa ta uku: Ƙari kan na ɗan uwa. Kalmar sirri a bar ta da boko da lambobi, harafi 8 zuwa 63, shi WPA2, tsarin tsaron Wi-Fi, ya tanada. Kada a ɓoye sunan Larabcin, don sai an buga shi da hannu. In rawuta biyu ce a harabar, a kwafi sunan a liƙa, kar a sake bugawa: ي ta Larabci da ی ta Farisanci a tsakiyar kalma kamarsu ɗaya, lambarsu daban, waya za ta ɗauke su layi biyu.

Mai tambaya: Na gode, Allah Ya saka. In an canza sunan babban layin fa?

Amsa ta biyu: Kowace na'ura sai an sake sa mata kalmar sirri, ko da ba a canza ta ba. A fara da firinta.